Sassuolo: tambayoyin da ake yawan yi min kan kulob ɗin garin masu tayil

Tun da mutane suka gane ina bin wasan Sassuolo ake ta jefo min tambayoyi, wasu a gidan kallo wasu a WhatsApp, wasu ma da tsokana suke yi, wai mutum ya bar Madrid da Barca da Man U ya je ya maƙale wa kulob ɗin da ko sunansa ba a iya faɗa daidai. To na tattara waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su a wuri ɗaya, wanda ya sake tambaya sai in turo masa nan.

Wai ina ne Sassuolo ɗin nan, gari ne ko unguwa?

Gari ne, amma ƙarami sosai. Yana arewacin Italiya a yankin Emilia-Romagna, ƙarƙashin lardin Modena, a bakin wani kogi da ake ce wa Secchia. Mutanen garin gaba ɗaya wajen dubu 40 ne, kai ka duba, filin San Siro na Milan zai kwashe su kaf har da jarirai kuma kusan rabin kujeru su rage babu kowa. Maranello inda ake ƙera motar Ferrari maƙwabtansu ne, tafiyar 'yan mintoci a mota. Sunan kuma Sas-su-wo-lo ake faɗa, ba Sasulo ba.

Abin da garin ya shahara da shi tun kafin ƙwallo shi ne tayil. Mafi yawan tayil ɗin da Italiya ke yi daga Sassuolo da ƙauyukan kewayenta yake fitowa, masana'antu ne jere da juna, manyan motoci na shiga na fita dare da rana. Idan ka taɓa shiga shagon kayan gini mai shago ya nuna maka wani kwali ya ce wannan ɗan Italiya ne shi ya sa kuɗinsa ya fi na Chana, to akwai yiwuwar daga can kwalin ya taso.

Yaushe aka kafa kulob ɗin?

1920. Sai dai kar tsufan ya ruɗe ka, shekaru sama da sittin suka yi suna buga wasan ƙananan rukunai na yanki, irin wanda ɗan wasa zai tashi daga aiki a masana'anta da yamma ya je atisaye. Sai a 1984 suka fara taka rukunin ƙwararru na huɗu wato Serie C2, shi ma ba zama suka yi ba, hawa da sauka aka dinga yi. Rigarsu baƙi da kore ce, shi ya sa Italiyawa ke ce musu Neroverdi, ma'anarsa kenan kawai, masu baƙi da kore.

To me ya canza har suka zo Serie A?

Mutum ɗaya da kamfaninsa. Giorgio Squinzi, mai kamfanin Mapei. Mapei kamfani ne na birnin Milan da mahaifinsa Rodolfo ya kafa a 1937, sana'arsu gam ɗin da ake manna tayil da shi da sauran sinadaran gini, ka ga kenan alaƙar a fili take, garin da ke yin tayil shi ne babban kwastoman mai sayar da gam ɗin tayil. A 2002 Squinzi ya karɓi kulob ɗin lokacin yana rukuni na huɗu.

Kafin nan mutumin a tseren keke ya zuba kuɗinsa, ƙungiyar kekensa ta Mapei ta yi tashe sosai a shekarun 1990, har a tseren Paris-Roubaix na 1996 'yan ƙungiyarsa ne suka zo na ɗaya da na biyu da na uku. Ya rufe ƙungiyar keken a 2002, lokacin maganar shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta dabaibaye harkar, ya juyo wa ƙwallo. Daga baya ya shugabanci ƙungiyar masu masana'antu ta Italiya, Confindustria, daga 2012 zuwa 2016. Kuma abin da ke burge ni, shi kansa masoyin AC Milan ne na gani kashe ni, bai taɓa ɓoyewa ba, amma bai je ya sayi hannun jari a Milan ba, ya tsaya ya gina nasa daga ƙasa.

Ba dare ɗaya aka yi ba. 2006 suka hau Serie C1, wato rukuni na uku. A kakar 2007/08 suka ɗauko wani matashin koci da ba a san shi sosai ba, Massimiliano Allegri, eh shi ɗin dai na Milan da Juventus, ya ci musu rukunin ya kai su Serie B karon farko a tarihi, daga nan Cagliari ta ɗauke shi. A Serie B sau biyu suna kaiwa wasan cike gurbi ana fitar da su, Torino ta cire su a 2010 lokacin Stefano Pioli ne koci, Sampdoria ta cire su a 2012. Wani mai kuɗin da tuni ya yi fushi ya tattara ya tafi, su kuwa suka ɗauko Eusebio Di Francesco, a ranar ƙarshe ta kakar 2012/13 ranar 18 ga Mayu suka kara da Livorno wadda ita ma hawa take nema, ana gab da busa tashi Simone Missiroli ya zura ƙwallo, 1-0, suka hau Serie A a matsayin zakarun Serie B. Shekara 11 kenan daga ranar da Squinzi ya karɓa.

Gaskiya ne Inter ta taɓa yi musu 7-0?

Gaskiya ne, kuma ba sau ɗaya ba. Satumba 2013 a gidansu, wasansu na huɗu a Serie A, Inter ta zuba musu bakwai babu ko ɗaya. Satumba 2014 a San Siro aka sake maimaita bakwai ɗin. A wancan lokacin kowa cewa yake waɗannan baƙi ne sun zo yawon buɗe ido za su koma inda suka fito.

Amma wanda ke kawo min maganar 7-0 sai ya tsaya ya ji sauran labarin, domin bayan nan Sassuolo ta zame wa Inter ƙarfen ƙafa, shekara da shekaru tana cin ta gida da waje. Misali mafi girma kakar 2023/24, Inter ta Simone Inzaghi ta ɗauki kofi da tazara mai yawa, wasa biyu kacal aka ci ta a gasar gaba ɗaya, kuma duk biyun Sassuolo ce, 2-1 a San Siro a watan Satumba sannan 1-0 a watan Mayu da ƙwallon Armand Laurienté. Kuma a wannan kakar ce Sassuolo ta faɗi rukuni na biyu. Har yau idan na tuna sai in rasa ta inda zan kama lissafin.

Kai yaushe ka fara son su?

Daren Lahadi 12 ga Janairu 2014. Sanyin hunturu ake yi na gaske, a gidan kallon unguwarmu mai gidan ya saki buhunan da ya rufe tagogi da su, janareta na ƙara a baya, mu 'yan Serie A kamar kullum aka tura mu ƙaramar talabijin ta lungu saboda babbar an ba masu kallon La Liga. Ba mu kai mutum goma sha biyar ba kuma kusan duka 'yan Milan ne. A filin can ma hazo ne ya sauka har da ƙyar kamara ke nuna ɗaya gefen. Kafin minti goma sha biyar Milan ta ci biyu, Robinho da Balotelli, wani dattijo da ke gefena ya naɗe cikin bargo ya ce shikenan yau ma bakwai za a yi, ya aika yaro ya karɓo masa shayi.

Kafin shayin nan ya huce wani siririn yaro mai ƙafar hagu ya rama ɗaya, ya sake ramawa, kafin a tafi hutun rabin lokaci ya ci ta uku, ana dawowa da minti biyu ya ƙara ta huɗu. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar janareta, dattijon nan ya juyo yana tambayata "ɗan nan, wane ne wannan yaron?" ni ma a lokacin sunan kawai nake gani a ƙasan allo. Domenico Berardi, shekararsa 19. Aka tashi 4-3, washegari Milan ta kori kocinta, kuma kocin nan Allegri ne, mutumin da ya fara fito da Sassuolo daga Serie C. Daga wannan daren na fara neman jadawalinsu duk sati.

Ya aka yi ba su faɗi a shekarar farko ba?

Da ƙyar da jiɓin goshi. A ƙarshen Janairun nan suka kori Di Francesco suka kawo Alberto Malesani, shi kuma wasa biyar ya yi aka ci shi duka biyar ɗin. Nan shugabannin suka yi abin da ba kowa ke iya yi ba, suka yarda sun yi kuskure suka koma suka ba Di Francesco haƙuri ya dawo a watan Maris, ya tsallakar da su a mataki na 17. Berardi ya ci 16 a kakar.

Wane ne Berardi, kuma me ya sa bai tafi babban kulob ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so. Yaron ɗan Calabria ne, can kudancin Italiya inda talauci ya fi yawa, an haife shi a 1994. Bai tashi a makarantar ƙwallon wani babban kulob ba. Ziyara ya kai wa yayansa da ke karatu a Modena, aka fita buga 'yar ƙwallon mutum biyar-biyar da abokai, wani da ya gan shi ya kai labari Sassuolo cewa ku zo ku ga wani yaro, aka gwada shi aka ɗauke shi yana ɗan 16. Ka ji irin rabo.

Wasansa a gefen dama yake, ya shigo ciki ya nannaɗe ta da hagu zuwa can kusurwa, kowa ya san abin da zai yi amma a tare ɗin ne aiki. Farkon tashinsa yana da zafin kai, jan kati bai yi masa wuya ba, daga baya ya nutsu. Juventus ta taɓa mallakar rabin haƙƙinsa a irin tsarin da Italiya ke yi a da na kulob biyu su raba ɗan wasa ɗaya, kowa ya ɗauka tafiya Turin ta zama dole, bai tafi ba. Kusan duk bazara sai an ce ga shi nan zai koma Juventus ko Inter ko wani wuri, kasuwa ta rufe ka gan shi da baƙi da kore. Ya haura ƙwallo 100 a Serie A duk da riga ɗaya, kuma babu wanda ya kai shi ci wa kulob ɗin a tarihi.

Wasu na cewa tsoro ne, wai ba shi da zuciyar zuwa inda ake matsin lamba. Ni ban yarda ba. Mutumin da ya fara ɗaukar fenariti wa Italiya a wasan ƙarshe na kofin Turai a Wembley a gaban 'yan Ingila kusan dubu sittin kuma ya ci, ba za ka kira shi matsoraci ba. Akwai lokutan da shi ma ya so tafiya ciniki ne bai faɗa ba, wannan gaskiya ne, amma da kulob ɗin ya faɗi Serie B yana jinya bai ce sai an sake shi ba, ya warke ya sa riga ya buga a rukuni na biyu.

Kuma kafin Berardi akwai Francesco Magnanelli, ɗan tsakiya, ya zo a 2005 kulob ɗin na rukuni na huɗu, ya hau da su mataki-mataki har gasar Turai yana kyaftin, sai 2022 ya ajiye takalmi. Shekara 17. Irin waɗannan mutanen yanzu sai an tona.

Sun taɓa zuwa gasar Turai?

Sau ɗaya. Kakar 2015/16 suka ƙare na 6 da maki 61, a saman Milan da Lazio. Sai da suka jira wasan ƙarshe na Coppa Italia, da Milan ta ci kofin ita za ta karɓi gurbin, Juventus ta doke ta, Sassuolo ta samu tikitin Europa League. Suka cire Luzern ta Suwizalan, suka cire Red Star Belgrade, a wasan farko na rukuni suka yi wa Athletic Bilbao 3-0. Bayan nan man ya ƙare, raunuka suka yi yawa, 'yan wasan ba su da yawan da za su iya Alhamis da Lahadi, suka ƙare na ƙarshe a rukunin da ke da Genk da Rapid Vienna.

Me ya sa suke buga wasan gida a wani gari?

A nan ne ciwon yake, kuma ba zan kare su a kai ba. Filin garin, Enzo Ricci, mutum wajen dubu 4 yake ɗauka, bai cika sharuɗɗan manyan rukunai ba. Da suna Serie B a Modena suke aro, da suka hau Serie A suka koma Reggio Emilia, tafiyar kamar rabin awa, a ƙarshen 2013 Mapei ta saye filin a gwanjo, shi ne ake kira Mapei Stadium, yana cin mutum sama da dubu 21. Fili ne mai kyau an gyara shi, har wasan ƙarshe na Champions League na mata aka buga a can a 2016, Atalanta ma ta are shi ta buga wasanninta na Turai.

Amma filin asalinsa na Reggiana ne, kulob ɗin garin, kuma magoya bayanta da yawa ba su ji daɗi ba, suna ganin baƙo ya zo da kuɗi ya zama mai gida su sun koma 'yan haya. Ina fahimtarsu wallahi. Sannan duk ranar da Juventus ko Inter ko Milan ko Napoli suka zo, in ka saurari talabijin muryar baƙi ce ke tashi, 'yan Sassuolo suna can a lungu ɗaya da tutocinsu. Shi ya sa masu adawa ke cewa kulob ɗin kamfani ne ba na jama'a ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai garin mutum dubu 40 da kakanninsu suka tashi suna goyon Juve da Inter da Modena ba zai cika fili a shekara goma ba. A 2019 dai sun buɗe sabon filin atisaye na zamani a cikin Sassuolo ɗin kanta.

Daga ina suke samun kuɗi, Mapei ce kawai?

Mapei ce ginshiƙi, sunanta ne a gaban riga da kan fili, babu mai musun wannan. Amma kasuwar 'yan wasa ita ce ɗaya ƙafar, kuma Giovanni Carnevali da ke tafiyar da kulob ɗin ya san ciniki, ba ya sakin kaya da arha. Su ɗauko yaro ko wanda babban kulob ya yar, su ba shi wasa kaka biyu uku, su sayar da tsada. Zaza da Demiral da Locatelli sun tafi Juventus, Politano da Sensi da Frattesi Inter, Lorenzo Pellegrini ya koma Roma, Raspadori Napoli, Scamacca West Ham a kan sama da Yuro miliyan 30, Boga Atalanta. Francesco Acerbi ma a nan rayuwarsa ta juya, a gwajin lafiyar da aka yi masa da ya zo a 2013 aka gano yana da ciwon daji, aka yi masa aiki, ciwon ya dawo ya sha magani, ya warke ya koma fili ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan bayan Italiya.

A lokacin da manyan kulob ɗin Italiya ke cika da 'yan waje, su 'yan ƙasa suke ba dama. A tawagar Italiya da ta ci kofin Turai a Yulin 2021 akwai 'yan Sassuolo uku, Berardi da Locatelli da Raspadori. Ƙwallon farko da aka ci Suwizalan, Locatelli ne ya buɗa wa Berardi a gefe, ya ruga cikin da'ira, Berardi ya mayar masa ya tura raga, kai ka ce atisayen Sassuolo ake yi.

De Zerbi fa, a nan ya yi suna?

A nan ne. Roberto De Zerbi ya zo 2018 ya tafi 2021, shi ya kawo wasan fara gini daga gola, a ja abokin hamayya ya matso sannan a fasa shi da fas biyu uku. Wani lokacin abin ya yi kyau har ka tashi tsaye, wani lokacin ɗan baya ya yi kuskure a ci su ƙwallon banza, bai taɓa canzawa ba. Sau biyu a jere ya kai su na 8, a 2020/21 maki 62 suka yi daidai da Roma, bambancin ƙwallaye ne ya hana su zuwa Turai. Daga nan ya tafi Shakhtar, sai Brighton inda 'yan Firimiya suka san shi. Squinzi bai ga ƙarshen wannan zamanin ba, ya rasu a Oktoban 2019, matarsa Adriana Spazzoli ta bi shi bayan 'yan makonni, 'ya'yansu suka ci gaba da riƙe kulob ɗin.

Akwai 'yan Afirka da suka buga musu?

'Yan Gana sun fi yawa. Richmond Boakye da Raman Chibsah suna cikin waɗanda suka hau da kulob ɗin a 2013, Alfred Duncan ya daɗe a tsakiya, Kevin-Prince Boateng ya zo 2018 ya yi wata shida sai ga Barcelona ta ɗauke shi aro, kowa ya sha mamaki. Daga Kodebuwa akwai Jérémie Boga da Hamed Traorè. Mu 'yan Najeriya kuwa abin da ya fi haɗa mu da su Osimhen ne, kuma ba ta hanya mai daɗi ba, sau biyu yana cin su uku rigis da rigar Napoli, a 4-0 na Oktoban 2022 da 6-1 na Fabrairun 2024. Ranar 6-1 ɗin nan gidan kallo kowa murna yake ɗan gida ya ci, ni zuciyata ta rabu biyu.

Me ya jawo suka faɗi a 2024?

An sayar da yawa ba a maye gurbi da irinsu ba, musamman tsakiya bayan tafiyar Frattesi da Maxime Lopez, baya kuma ta zama rariya. Farkon kakar ya ruɗi kowa, cikin 'yan kwanaki suka ci Juventus 4-2 suka je suka ci Inter, aka ɗauka lafiya lau. Daga nan sai zamewa. Aka kori Alessio Dionisi a Fabrairu aka kawo Davide Ballardini, wasansa na farko a Verona jijiyar dunduniyar Berardi ta tsinke, na ga yadda ya dafe ƙafa yana kallon benci na san an gama. Cagliari ta zo ta ci su 2-0 a watan Mayu, suka ƙare na 19 bayan kaka 11 a jere a Serie A. Abin da ya ɗan sanyaya rai, a wannan bazarar matasansu 'yan Primavera suka ci kofin matasa na Italiya.

Sun dawo?

Shekara ɗaya kawai suka yi a ƙasa. Suka ba Fabio Grosso aikin koci, wanda ya buga fenaritin ƙarshe da Italiya ta ci kofin duniya a 2006, suka riƙe Laurienté da wasu manyan maimakon su yi gwanjon kowa, Berardi ya dawo daga jinya yana ta raba fas. Tun a watan Afrilun 2025 suka tabbatar da hawa saura wasanni a gaba, suka ɗauki kofin Serie B, Laurienté ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da 18.

A ina zan samu rigarsu?

A kasuwa da wuya, na zaga masu sayar da jesi sun fi a ƙirga, da na ce Sassuolo sai su miƙo min ta Sporting ko ta Celtic saboda sun ji na ce kore. Tawa a gwanjo na tsince ta cikin dila, ta sha wanki har rubutun Mapei ya fara ɓarewa, lamba 25 a baya. In ka samu mai kawowa sabuwa ka yi min magana, ina son guda biyu, ɗaya babba ɗaya ta yaro.